Sarin Gidaje a Amurka: Jagora Ga Sabon Shiga, Daga Neman Mai Saye Zuwa Ranar Karɓar Kuɗi

A Amurka akwai wata sana'a a harkar gidaje da suke kira holselin, wato sari. Sunan yana ruɗar mutane, domin ba gidaje ake saye da yawa a raba wa 'yan kiri ba. Abin da ake yi shi ne: ka samo mai gidan da ke son rabuwa da gidansa cikin gaggawa, ku yi ciniki, ku sa hannu a yarjejeniyar saye, sannan kafin ranar biyan kuɗi ka miƙa wannan yarjejeniya ga wani mai jari da ƙarin kuɗi a kai. Mai jarin ne zai biya mai gida, shi zai karɓi takardar mallaka, kai kuma ka ɗauki ratar da ke tsakani. Idan mai gida ya sallama maka a dala 90,000, ka miƙa wa mai jari a dala 100,000, dala 10,000 ɗin nan ita ce rabonka.

Wanda ya san dillancin filaye a Kano ko Zinder zai ce ai wannan dillanci ne. Sun yi kama, amma akwai bambanci babba. Dillali yana tsakiya, wakili ne, la'adarsa sananniya ce, kuma idan ciniki ya watse ba a bin sa bashin komai. Ɗan sari kuwa sunansa ne a takarda a matsayin mai saye. Ya yi alkawari da bakinsa da sa hannunsa cewa ranar kaza za a biya kuɗi. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Shi ya sa maganar da ake yawan yi a bidiyoyin intanet, wai sana'a ce da ba ta buƙatar jari kuma babu hasara a cikinta, ba gaskiya ba ce. Tana buƙatar ɗan kuɗi, tana buƙatar lokaci mai yawa, kuma wanda ka yi wa alkawarin galibi mutum ne da ke cikin matsi. Wannan na ƙarshe shi ne ya fi damuna, kuma za mu yi ta dawowa kansa.

Mataki na farko: dokar jihar da za ka yi aiki

Kafin ka buga wa kowa waya, ka san abin da doka ta ce. Amurka ba ta da doka ɗaya a kan wannan. Kowace jiha da tata, kuma a 'yan shekarun nan sai ƙara matsewa ake yi. Ilinoi ta gyara dokarta a 2019: wanda ya yi irin wannan ciniki fiye da sau ɗaya cikin wata 12, sai da lasisin dillancin gidaje. Oklahoma ta fara aiki da tata dokar ranar 1 ga Nuwamba 2021, wadda ta hana mutum tallata yarjejeniyar da ke hannunsa a bainar jama'a ba tare da lasisi ba. Birnin Filadelfiya ya amince da doka a 2020 da ta wajabta wa 'yan sarin gidajen zama lasisi na musamman. Karolina ta Kudu ta ƙara ƙuntata abin a 2024. Teksas kuwa tun 2017 ta ce dole ka bayyana wa mai saye cewa ba gidan ne a hannunka ba, haƙƙin saye ne kawai.

Abin da ya haɗa waɗannan dokoki ɗaya ne: kada ka tallata gidan da ba naka ba kamar kai ne mai shi ko wakilinsa. Ka shiga shafin hukumar kula da harkar gidaje ta jiharka, sannan ka biya lauyan gidaje kuɗin awa ɗaya ko biyu ya duba takardun da za ka riƙa amfani da su. Takardar da ka sauke kyauta a intanet mai yiwuwa an rubuta ta ne don wata jiha daban. A ganina, wanda ya ƙudurta zama a wannan harka gara ya yi karatun lasisin tun da wuri. Yana buɗe masa rumbun bayanan gidajen da aka sayar, kuma yana raba shi da zaman ɗar-ɗar.

Ga 'yan'uwanmu da ke can da bizar karatu ko ta ziyara, ku kula. Wannan aiki ne na samun kuɗi, kuma irin waɗannan bizoji suna da iyaka mai tsauri a kan aiki. A ga lauyan shige da fice tukuna.

Mataki na biyu: nemo mai saye kafin ka nemo gida

Yawancin sababbin shiga suna farawa da baibai. Sai su kama gida, su sa hannu, agogo ya fara tafiya, sannan su shiga neman wanda zai saya. Ka juya abin. Masu sayen yarjejeniya kashi biyu ne: masu gyara gida su sayar, da masu tara gidajen haya. Duka biyun da tsabar kuɗi suke saye ko da bashin gajeren lokaci, shi ya sa suke iya kammalawa cikin mako biyu ko uku.

Ina ake samun su? A taron ƙungiyoyin masu zuba jari a gidaje, wanda kusan kowane babban birni yana da shi wata-wata. A wurin gwanjon gidaje na gunduma, inda duk wanda ka ga yana ɗaga hannu to da kuɗinsa ya zo. A kundin gunduma, wato rajistar hukuma ta waɗanda suka mallaki gidaje, inda za ka ga kamfanonin da suka sayi gidaje uku ko huɗu a unguwa ɗaya cikin shekara. Ko kuma ka ga gida ana aiki, an ajiye ƙaton akwatin zuba shara a ƙofa, kafintoci na ciki. Ka tsaya ka yi sallama ka tambayi mai aikin.

Idan ka same su, tambaya za ka yi, ba talla ba. Wace unguwa kake saye? Ɗaki nawa? Gyara mai nauyi kake ɗauka ko kwaskwarima kawai? Nawa ne iyakarka? Gida nawa ka saya bara? Mutum biyar da suka sayi gida da gaske a bana sun fi maka jerin suna ɗari biyar da ba ka taɓa jin muryarsu ba. Daga amsoshinsu ne za ka zaɓi unguwa biyu ko uku, ka tsaya a kansu har ka san su lungu-lungu.

Mataki na uku: lissafi

Nan ne ake ci, nan ne ake faɗuwa, don haka zan ɗan daɗe.

Lamba ta farko ita ce darajar gidan bayan an gyara shi. Ba abin da mai gida ke so ba, ba kuma hasashen da Zillow, wani dandalin tallar gidaje a intanet, ke nunawa a saman shafi ba. Ka nemo gidaje uku zuwa biyar da aka riga aka sayar, ba waɗanda ke kasuwa ba, cikin wata uku zuwa shida da suka wuce, a tazarar da ba ta wuce rabin mil ba, masu girma da shekaru da yawan ɗakuna kusan iri ɗaya, kuma gyararru. Zillow da wani dandali irinsa mai suna Redfin suna nuna waɗanda aka sayar a yawancin jihohi. A Teksas da wasu kaɗan ba a bayyana farashin sayarwa ga jama'a, sai ka nemi taimakon mai lasisi. Ka kula da babban titi ko layin dogo, domin gida biyu da ke kallon juna ta tsallaken titi suna iya bambanta da dubban daloli saboda makarantar da yaran kowanne ke zuwa daban ce.

Lamba ta biyu kuɗin gyara. Abubuwa biyar ne ke cinye kuɗi: rufi, harsashin gini, wayoyin lantarki, bututun ruwa, da na'urar ɗumama gida da sanyaya shi. Fenti da kafet ƙananan alhaki ne. Ka shiga da tocila. Ka sauka ɗakin ƙarƙashin ƙasa ka shinshina, warin danshi ba ya ɓuya. Ka duba tsagewar bango mai hawa kamar matakala, ka taka dabe ka ji ko yana lotsawa, ka buɗe akwatin lantarki, ka dubi silin ko akwai tabon yoyo, ka ƙwanƙwasa katakon ƙasa ko gara ta ci. Gidajen farko da za ka shiga, ka tafi da ɗan kwangila ka biya shi ladan zuwansa. Idan an gina gidan kafin 1978, dokar tarayya ta wajabta takardar sanarwa a kan fenti mai dalma, kada ka manta da ita.

Sai ƙa'idar da masu gyara ke yawan amfani da ita, ta kashi 70. A ce gidan bayan gyara zai kai dala 200,000. Kashi 70 na wannan shi ne 140,000. Gyara zai ci 40,000, saura 100,000. Wannan ne abin da mai jari zai iya biya. Kana son 10,000, ke nan iyakar tayinka ga mai gida 90,000 ne. Kashi 30 ɗin da aka cire ba duka riba ba ne: a ciki mai jari zai biya la'adar dillalai idan ya zo sayarwa, kuɗin kammala ciniki sau biyu, haraji, inshora, wuta da ruwa na watannin aiki, da kuɗin bashi idan ya ci. A unguwanni masu tsada wasu suna kai wa kashi 75 ko 80; masu sayenka ne za su gaya maka nasu.

To dubi abin da ƙaramin kuskure ke yi. Ka sa hannu a 90,000, amma ba ka hau ka duba rufi ba. Mai jari ya zo ya ce rufin sai an sake shi, dala 12,000. Yanzu abin da zai biya 88,000 ne. Ribarka ta tafi, har da giɓin 2,000. Daga nan ne mutane ke fara abin kunya: su koma wa mai gida ana saura kwana uku su ce sai ya rage, bayan ya riga ya kwashe kayansa. Cinikin biri a sama ke jawo haka. Idan kana nesa, ko da daga wata ƙasa kake son gwada abin ta waya, dole ka sami amintacce a garin da zai shiga gidan da ƙafarsa, ya ɗauko maka hoto da bidiyo na ko'ina har ƙarƙashin wurin wanke-wanke.

Mataki na huɗu: neman gidan

Hanya mafi araha ita ce ka shiga mota ka zaga unguwannin da ka zaɓa a hankali. Kana neman gidan da ciyawa ta kai gwiwa, wasiƙu sun cika akwati har suna zuba, an rufe taga da katako, an shimfiɗa shuɗin tamfol a kan rufi, ko an manna takardar gargaɗin hukuma a ƙofa. Ka rubuta adireshi. Da ka koma gida ka shiga shafin ofishin ƙiyasta haraji na gundumar, kyauta ne, za ka ga sunan mai gidan da inda ake aika masa takardar haraji. Idan adireshin ya bambanta da na gidan, ba ya zaune a ciki, kuma irin waɗannan sun fi saurin sauraro.

Akwai kuma jerin waɗanda ake bi bashin harajin gida, da shari'o'in rabon gado a kotu, da gidajen da banki ya fara shirin ƙwacewa. Duk bayanan jama'a ne. Kamfanoni irin su PropStream suna tattara su da kuɗin wata, amma ba dole ba ne a watan farko.

Wasiƙa gajera mai sunanka da lambarka ta fi aminci. Waya da saƙon tes suna da haɗari: akwai dokar tarayya ta 1991 a kan kiran talla, da rajistar waɗanda ba sa son a kira su da aka buɗe a 2003, kuma diyyar karya dokar tana farawa daga dala 500 a kan kowane kira ko saƙo, tana iya kai wa 1,500. Allunan talla da ake kafawa a bakin titi ma birane da yawa sun haramta su. Ka sa a ranka cewa mafi yawan waɗanda za ka tuntuɓa ba za su amsa ba, kuma wata biyu ko uku na iya wucewa ba ka kama komai ba. Ka ware kuɗin mai da na tambarin wasiƙa na wannan lokaci.

Mataki na biyar: zama da mai gida

Ruwa ba ya tsami banza. Mutum ba ya sayar da gidan dala 160,000 a 90,000 sai da dalili. Wata mahaifiyarta ta rasu ta bar mata gida a wani gari mai nisa, cike da kaya, ga haraji na taruwa. Wani 'yan haya sun lalata masa gida ya gaji. Wani saki ne, wani rashin lafiya. Za ka zauna a teburin kicin, hotunan jikoki manne a jikin firji, mai gidan tana ba ka labarin shekarar da mijinta ya dasa bishiyar da ke tsakar gida. Ka saurara. Ka tambayi me take so ya faru, da yaushe, da nawa banki ke bin gidan.

Sannan ka faɗi gaskiya da bakinka kafin takarda ta faɗa: ni ɗan kasuwa ne, zan iya miƙa wannan yarjejeniya ga wani mai jari in sami riba, kuma idan kika gyara gidan kika ba dillali mai lasisi za ki iya samun fiye da tayina. Abin da kake sayar mata shi ne sauri da sauƙi: ba gyara, ba shara, ba 'yan kallo, kuɗi cikin wata guda. Wanda wannan ya fi masa, zai sallama. Wanda gidansa lafiya lau yake kuma ba ya sauri, ka ce masa ya kai kasuwa. A 2023 kafar binciken labarai ta ProPublica ta wallafa rahoto kan yadda wasu masu sayen gidaje da tsabar kuɗi ke matsa wa tsofaffi da marasa lafiya, kuma irin wannan hali na daga cikin abin da ya sa jihohi ke ta ƙara dokoki. Idan ka ga dattijo ba ya riƙe zancen da kuka yi minti goma da suka wuce, ka ajiye biro, ka ce sai ɗansa ko lauyansa na wurin.

Mataki na shida: yarjejeniya

Takarda biyu ce. Ta farko tsakaninka da mai gida: farashi, ranar kammalawa, wanda galibi kwana 30 ne, sharaɗin da ya ba ka damar miƙa ta ga wani a fili ƙarara, wa'adin dubawa na kwana 7 zuwa 14 wanda a cikinsa za ka iya janyewa, da izinin shigo da masu jari su ga gidan. Duk wanda sunansa ke takardar mallaka sai ya sa hannu. Gidan gado mai magada huɗu, sa hannun mutum ɗaya bai wadatar ba. Gidajen da ke hannun banki ko gwamnati galibi ba a yarda a miƙa yarjejeniyarsu, ka bar su.

Kafin alƙalami, wanda yawanci ɗaruruwan daloli ne zuwa dubu ɗaya ko biyu, ba a hannun mai gida ake ba da shi ba. Ana ajiye shi amana a kamfanin tantance mallaka, wato mai binciken takardun gida da kammala ciniki, ko wurin lauya a jihohi irin su Jojiya da Karolina ta Kudu inda lauya ne ke kammala ciniki. Ka nemi kamfanin tun kafin ka buƙace shi, ka tambaye su kai tsaye ko suna karɓar miƙa yarjejeniya, domin ba duka ba ne. Su za su binciko ko akwai jingina ta biyu, bashin haraji, ko hukuncin kotu a kan gidan.

Takarda ta biyu tsakaninka da mai jari: ka miƙa masa haƙƙinka a kan kuɗi kaza, shi kuma ya ajiye nasa kafin alƙalamin, wanda ya kamata ya fi naka yawa, a kamfanin nan dai. Ka nemi shaidar cewa yana da kuɗin. Akwai wata hanya kuma, ta kammalawa sau biyu: ka saya da gaske, gidan ya shiga sunanka, sannan ka sayar. Ta fi tsada domin za ka biya kuɗin kammalawa sau biyu, kuma kana buƙatar kuɗin sayen ko da na awanni ne.

Musulmi ba zai karanta wannan bai tuna hadisin Hakim ɗan Hizam ba, inda Manzon Allah (SAW) ya hana shi sayar da abin da ba ya wurinsa. 'Yan sari suna cewa ba gida suke sayarwa ba, haƙƙin saye ne, kuma malamai sun yi saɓani a kan sayar da irin wannan haƙƙi. Haka kafin alƙalamin da ba a mayarwa: Malikiyya ba su yarda da shi ba, Imam Ahmad ya halatta, kuma Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta amince da shi a zamanta na Brunei a 1993 idan an ƙayyade wa'adi. Ka kai ainihin takardun wurin malamin da ya san mu'amalat, kada ka ba shi labari da baki. Hanyoyin da suka fi nisa da shubuha biyu ne: ka yi lasisi ka zama dillali mai la'ada sananniya, ko ka haɗa gwiwa da mai kuɗi ku saya, ku mallaka, ku sayar, ku raba riba. Bashin kwana ɗaya da ake bayarwa don kammalawa sau biyu kuwa da ƙari ake mayar da shi, ka san da wannan.

Mataki na bakwai: kammalawa

Da zarar an sa hannu, a ranar ka aika wa masu sayenka hotuna, lissafin gyara, da gidajen da ka kwatanta. Ka rubuta a sarari cewa yarjejeniya kake miƙawa. Ka tara masu son gani a lokaci ɗaya don kada ka wahalar da mai gida. Idan kwana biyar sun wuce babu wanda ya taya, ba masu saye ne ba su da ido ba, farashinka ne ya yi sama. Ka kira mai gida tun wa'adin dubawa bai ƙare ba, ka gaya masa abin da aka gani da lambobinsa, ko ku daidaita ko ka sake shi da takardar janyewa ya nemi wani. Kada ka shigar da wata takarda a kundin gunduma don ka ɗaure masa gida.

Idan komai ya tafi daidai, kamfanin tantance mallaka zai shirya takardar lissafi mai nuna kowane sisi, har da ribarka, ya biya bankin mai gida, ya ba mai gida ragowarsa, ya ba ka naka. Duk imel da ya zo da sabuwar lambar asusu ana gab da biya, ka buga wa kamfanin waya ta lambar da ka sani tun farko kafin a tura kuɗi. 'Yan damfara sun daɗe suna kwaikwayon irin wannan saƙo. Kuɗin da ka karɓa kuma ba naka ba ne duka. Hukumar haraji tana ɗaukar sa a matsayin kuɗin sana'a, akwai harajin mai zaman kansa na kashi 15.3 ban da harajin kuɗin shiga na tarayya da na jiha inda ake karɓa. Ka cire kusan kashi ɗaya cikin uku ka ajiye a asusu daban a ranar, ka adana rasit ɗin mai da wasiƙu da kuɗin lauya, ka kai wa akanta.